Wace kalma ta dace da "tolerance" a mulkin Farisa ta dā?

Mai fassara: Malamai, ana cewa Sairus, sarkin Farisa, wanda ya ci Babila a 539 kafin Miladiyya, ya yi mulki da "religious tolerance". Ana rubuta "haƙuri da juna a addini" ko "'yancin addini". Wanne ya fi?

Malamin tarihi: Malam, duka biyun akwai gyara. "Juna" na nuna tsara da tsara, alhali nan sarki ne da waɗanda ya ci da yaƙi. "'Yanci" kuwa haƙƙi ne da talaka zai tsaya ya nema, kuma babu shi a rubutun Sairus. Rubutun yana jikin gasasshen yumɓu mai siffar ganga, tsawonsa kusan santimita 23, da harshen Akkadiya, Hormuzd Rassam ya tono shi a Babila a 1879. Abin da ya ƙunsa: sukar Nabonidus, sarkin Babila, da cewa gunki Marduk ne ya zaɓi Sairus, da mayar da gumaka ɗakunansu da mutane garuruwansu. Hana bautar da mutane da zaɓen addini da ake yaɗawa cewa suna ciki, daga fassarar jabu suka fito. Mayar da Yahudawa Kudus ma a littafin Ezra na Baibul yake, ba a yumɓun ba.

Edita: To "sassauci" fa? Daga sama yake zuwa.

Malamin tarihi: Ya kusa, sai dai "sassaucin addini" mai karatu zai ɗauka sakaci da ibada ake nufi. "Juriya" kuma na nuna ana cije haƙora, ga shi allunan Fasafolis, birnin sarakunan Farisa, sun nuna fada na fitar da hatsi da giya don bautar Humban, gunkin Elamawa. Wanda ke ciyar da abu ba jure shi yake ba.

Edita: Na kawo "barin kowa da addininsa". Mai bari yana iya hanawa, kuma an hana ɗin: Zaksis, wani sarkin Farisa na bayan Sairus, ya rubuta cewa ya rushe wurin bautar "daiwa", wato gumakan da bai yarda da su ba.

Malamin tarihi: Wannan ta zauna. A riƙa haɗa ta da mai aikin: "manufar sarakunan Farisa ta barin kowa da addininsa". "'Yancin addini" a ajiye wa dokokin zamani, irin sashe na 18 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948.

Mai fassara: Na ɗauka, malamai. Allah ya ƙara sani.