Muhawara: tara matasa ko sayen gwanaye, wanne ke kawo kofi a AFL?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ga maganar da nake so mu baje a faifai. A AFL, babbar gasar ƙwallon Ostareliya, kulob ɗin da ke son kofi da gaske dole ya haƙura ya zauna ƙasan teburi shekara biyu ko uku, ya kwashi zaɓukan farko a zaɓen matasa na watan Nuwamba, inda kulob-kulob ke ɗaukar sabbin 'yan wasa bi da bi, lamba bayan lamba. Tun 1986 aka kawo zaɓen, kuma wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara ɗauka. Ga kuma iyakar albashi da ta hana mai kuɗi kwashe kowa. Ku dubi Hawthorn: a 2004 ta ɗauki Jarryd Roughead a lamba 2, Lance Franklin a 5, Jordan Lewis a 7. Kofi ya zo a 2008, sannan uku a jere, 2013, 2014 da 2015. Mai ba da zaɓinsa na zagayen farko don ɗan shekara 28 gobensa yake sayarwa.

Hajiya Rabi: Wa'alaikumus salam. Malam Habu, misalinka ma ba ya bayanka. Kyaftin ɗin wannan tawagar, Luke Hodge, ta yaya aka same shi? A 2001 Hawthorn ba ta ƙasa, saura ƙiris ta kai wasan ƙarshe. Ciniki ta yi: ta ba Fremantle Trent Croad da Luke McPharlin, ta karɓi lamba 1, 20 da 36. Lamba 1 ta zama Hodge, 36 ta zama Sam Mitchell. Kofunan uku kuma su wa suka riƙe baya? Josh Gibson daga North Melbourne, Shaun Burgoyne daga Port Adelaide, Brian Lake daga Western Bulldogs, wanda shi ya ci lambar Norm Smith ta gwarzon wasan ƙarshe a 2013. Jack Gunston daga Adelaide ya zo. Franklin da kake ambato ya tafi Sydney a ƙarshen 2013, aka ci biyu bayan tafiyarsa.

Nasiru: Yaya Habu, in ƙara a kan ta Hajiya. Daga Hodge a 2001 har zuwa Cam Rayner da Brisbane ta ɗauka a 2017, babu lamba 1 ko guda da ya ci kofi da kulob ɗin da ya zaɓe shi. Mutum 15 ke nan a jere. Tom Boyd ya ci a 2016, amma da Bulldogs, ba da Greater Western Sydney (GWS) da ta ɗauke shi ba. Carlton ta samu lamba 1 sau uku a jere, Marc Murphy 2005, Bryce Gibbs 2006, Matthew Kreuzer 2007, kuma har yau kofinta na ƙarshe shi ne na 1995.

Malam Habu: To ai Carlton ita ce shaidata, Nasiru. Me ta yi a 2007? Ta ga gwanin West Coast Chris Judd, ta kasa haƙuri, ta ba West Coast lamba 3, lamba 20 da yaro Josh Kennedy. Judd ya ci Brownlow, lambar gwarzon ɗan wasan shekara, a 2010, ba a musu, amma kofi fa? Kennedy ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar a 2015 da 2016, ya ɗaga kofi a 2018. Dogon ɗan gaba irinsa Carlton ta yi shekaru tana nema. Gaggawa ce ta kashe su, ba zaɓe ba.

Alhaji Ɗanjuma: Ku bar ni in sa baki. Ni ina ganin ku duka kun tsallake wani abu: yaro ɗan shekara 18 ba a gama shi ba ranar da aka kira sunansa. Wurin da ya faɗa shi ke ƙarasa shi ko ya lalata shi. Melbourne ta ɗauki Jack Watts a lamba 1 a 2008, Tom Scully da Jack Trengove a 1 da 2 a 2009. Ta sallami manyan 'yan wasanta, ta jefa yaran cikin wasan manya jikinsu bai yi ƙwari ba, ta ɗora wa Trengove kyaftin yana ɗan shekara 20. Scully ya tafi GWS bayan kaka biyu. A 2013 kuma AFL ta ci kulob ɗin tarar dala 500,000 bayan binciken zargin faɗuwa wasanni da gangan a 2009. Abin da ke lalacewa idan an faɗi ƙasa da gangan shi ne: yaran sun saba da shan kaye, babu babban da zai tare musu jiki a tsakiya, masu horarwa ana canza su duk shekara biyu, kowanne da salonsa. Wannan kulob ɗin dai shi ya ci kofi a 2021, karon farko tun 1964. Me ya bambanta? Sun zaɓi Christian Petracca a lamba 2 a 2014, Clayton Oliver a 4 a 2015, suka bari tsakiya ta kafu, sannan suka buɗe aljihu: Jake Lever daga Adelaide a 2017 da zaɓukan zagayen farko biyu, Steven May daga Gold Coast a 2018. Da suka ga yaran sun kai, ba su ji tsoron biya ba.

Malam Habu: Alhaji, ai ka dawo layina. Da zaɓe suka fara.

Alhaji Ɗanjuma: Da shi suka fara, amma kai cewa ka yi kada a ba da zagayen farko sam. Da sun bi taka da babu Lever.

Zulai: Malam Habu, yaya za ka yi da Geelong? Kulob ne da kusan bai san ƙasan teburi ba a wannan ƙarnin, ga kofi a 2007, 2009, 2011 da 2022. Ko tawagar farko ba da lamba 1 aka gina ta ba: Jimmy Bartel lamba 8, Steve Johnson 24, Paul Chapman 31, Cameron Ling 38, Corey Enright 47, Joel Selwood 7. Masu farautar matasansu ne suka iya aiki. Tawagar 2022 kuwa ciniki ce zalla a wurare masu muhimmanci. Patrick Dangerfield daga Adelaide a ƙarshen 2015. Jeremy Cameron daga GWS a 2020, da zaɓukan zagayen farko har uku. Isaac Smith ya zo kyauta daga Hawthorn ya ci Norm Smith. Tyson Stengle kuwa sallamarsa aka yi suka ɗauka. Ana ta cewa sun tsufa, suka doke Sydney da maki 81.

Malam Habu: Malama Zulai, ki faɗi inda Geelong ta samo waɗannan zaɓukan da ta biya Cameron da su. Wasu daga cikinsu daga West Coast suka samo asali. A 2019 West Coast ta zuba lamba 14, 24, wani zaɓi na ƙasa da kuma zagayen farko na shekara mai zuwa don Tim Kelly, tana ganin kofi ɗaya ya rage bayan na 2018. Kelly ya yi wasa mai kyau, amma manyan suka tsufa tare, raunuka suka yi yawa, a bayansu babu matasa domin an sayar da zaɓukan. Sai ga su na ƙarshe a 2023, suka sake zama na ƙarshe a 2025. Richmond ma haka: bayan kofunan 2017, 2019 da 2020, ta kawo Tim Taranto da Jacob Hopper daga GWS a 2022, kwantiragin shekara 7 kowanne, ta ba da lamba 12, 19, 31 da zagayen farko na gaba. A 2024 wasa biyu kacal ta ci. Duk Geelong ɗaya akwai West Coast da Richmond a gefenta.

Hajiya Rabi: Wannan na yarda da rabinsa. Amma laifin ba na ciniki ba ne, na lissafin shekaru ne. Richmond ɗin nan a 2016 ta kawo Dion Prestia, Josh Caddy da Toby Nankervis lokacin Dustin Martin yana 25, Trent Cotchin 26, Alex Rance 27. Shekara ɗaya sai kofi. A 2022 kuwa waɗanda suka rage cikinsu sun haura 30. Ciniki iri ɗaya, sakamako daban. Kafin ka ba da zagayen farko, ka lissafa gwanayenka shida na sama. In yawancinsu suna tsakanin 23 da 27, biya. In sun wuce 30, riƙe zaɓinka. Kuma zaɓin shekara mai zuwa, da aka fara yarda a sayar tun 2015, shi ne tarkon: kana sayarwa kana zaton zai zama lamba 16, ka faɗi ƙasa ya zama lamba 3 a hannun wani.

Nasiru: Baba Alhaji, akwai abin da ke damuna da dukan muhawarar. Muna magana kamar zaɓen yana tafiya bisa adalci, alhali dokar ɗa da uba ta karkatar da shi. In mahaifi ya buga wa kulob wasa 100, kulob ɗin na da damar riƙe ɗansa. Ga yadda abin ya faru a daren zaɓen 2022. GWS ta ɗauki Aaron Cadman a lamba 1, wadda ta samu ta hanyar ciniki. North Melbourne, wadda ta zo ta ƙarshe a kakar, ta kira sunan Will Ashcroft a lamba 2. Brisbane, wadda saura wasa ɗaya ta kai wasan ƙarshe, ta ce ta riƙe, domin mahaifinsa tsohon ɗan wasanta ne. Riƙewa sai an biya da maki, kowace lamba da nata: lamba 2 makinta 2,517 ne a jadawalin lokacin, a cire rangwamen kashi 20 cikin 100, saura kusan 2,014. Sai ta tattaro zaɓuka na 30 da wani abu zuwa 40, kowanne makinsa 400 zuwa 500 da 'yan kai, ta biya. Wato an ba da tarin zaɓukan da da wuya su fitar da gwani, an karɓi yaron da ya ci Norm Smith a 2024 da 2025. Ƙaninsa Levi ma ta wannan hanyar ya zo a lamba 5 a 2024. Nick Daicos haka Collingwood ta same shi a lamba 4 a 2021. A 2023 Gold Coast ta riƙe yara huɗu na makarantar horarwarta, wadda ita ma ke ba da damar riƙewa, a zagayen farko, har zagayen ya miƙe zuwa lamba 29. To wanda ya sha ƙasa shekara guda, zaɓinsa na biyu sai ya koma 30. Ina ribar faɗuwar?

Alhaji Ɗanjuma: Gaskiyarka, ɗana, shi ya sa a 2025 aka rage rangwamen zuwa kashi 10, aka kuma tsayar da maki a lamba 54 maimakon 73. Amma kada ka haɗa makarantun horarwa na kulob-kulob ɗin arewa da dokar ɗa da uba. A Queensland da New South Wales rugby ce ke da ƙarfi, in ba kulob ya raini yaro tun yana 12 ko 13 ba, ba zai ma shigo wasan ba. Kuma ka tuna Brisbane ta rasa matasa biyar a 2013 lokaci ɗaya, cikinsu har Elliot Yeo da Sam Docherty, duk sun nemi komawa jihohinsu.

Zulai: Wannan batun komawa gida shi ne babban ramin da ke cikin maganar Malam Habu. A AFL ba a sayar da ɗan wasa sai da yardarsa, kuma in ya ce ga kulob ɗin da yake so, farashi ya faɗi, domin mai saye ɗaya ne a kasuwa. North ta ɗauki Jason Horne-Francis a lamba 1 a 2021, kaka ɗaya ya yi ya koma Adelaide, wajen Port. Gold Coast ta shiga gasar a 2011 da tulin zaɓukan farko, kyaftin biyu, Tom Lynch da May, suka fice a 2018, ba ta ga wasannin neman kofi na ƙarshen kaka ba sai 2025. Kai ka raina, wani ya ci moriya.

Malam Habu: An gyara wannan. Tun 2023 waɗanda aka ɗauka a 20 na farko kwantiragin shekara 3 suke sa wa hannu, ba 2 ba. North kuma ba ta tashi a tutar babu ba, daga cinikin ta samu Harry Sheezel da George Wardlaw.

Zulai: Kwantiragi bai hana Horne-Francis tafiya ba, yana da saura shekara guda lokacin da ya nemi a sake shi.

Hajiya Rabi: Ku ƙara da albashi, don nan ne ake yin asarar da ba a gani. Kulob na ƙasa dole ya kashe aƙalla kashi 95 cikin 100 na iyakar albashi, don haka yakan biya matsakaitan 'yan wasa kuɗin gwanaye domin su zauna. Ƙarshenta sai abin da ya faru a 2022: Gold Coast ta ba Geelong Jack Bowes haɗe da lamba 7, ta karɓi zaɓin zagaye na uku kawai, don a ɗauke mata nauyin albashinsa. Mai riƙe da kofi ya tafi da lamba 7. Collingwood ma dogayen kwantiragi suka shaƙe ta, ta saki Adam Treloar a 2020, ta saki Brodie Grundy a 2022 tana ci gaba da biyan wani kaso na albashinsu, sannan ta samu sararin kawo Tom Mitchell da Bobby Hill, ta ci kofin 2023.

Nasiru: To Anti Zulai, a ce kulob yana na 12 a teburi, yana riƙe da lamba 7, ga sabuwar ƙungiyar Tasmania za ta shigo gasar a 2028 kuma an ware mata zaɓuka da yawa na sama a zaɓen 2027. Ya riƙe ko ya sayar?

Zulai: Ya riƙe na bana, in akwai dogon ɗan gaba ya ɗauke shi ko da zai jira shi shekara huɗu, domin irinsu ba sa zuwa kasuwa sai da farashin Cameron. Mai tsallen tsakiya da mai tsaron baya ana samunsu da araha, Max Gawn lamba 34 ne, Tom Stewart 40, Harris Andrews 61. Zaɓin 2027 kuwa shi zan sa a kasuwa tun yanzu, tunda Tasmania za ta tura shi baya.

Malam Habu: Wa zai saya da tsada, Malama, alhali sauran kulob 17 ma sun san za a tura shi bayan?