Neman shawara: nobel ya fara sa ni jin haushin maigidana

Anti admin ta turo: Slm 'yan uwa, wata ce ta ce a ɓoye sunanta, ga saƙon nan yadda ta rubuto.

"Dan Allah ku ban shawara kar ku zage ni. Shekarata 3 da aure, daga Zariya aka kawo ni Ikorodu a Legas, maigidana tumatir da tattasai yake saidawa a kasuwar Mile 12, kafin assalatu ya fita dan ya tari motocin kaya da suke sauka daga arewa kuma baya shigowa sai bayan isha'i, in gosulo ya riƙe shi ma sai goma ta gota. Ni kaɗai ce Bahaushiya a gidan hayarmu, daga ni sai yarona. A haka na fara karatun nobel, farko a Wattpad daga baya na shiga guruf na kuɗi a WhatsApp, yanzu har guda huɗu nake bi. Sau biyu shinkafa na kama min a satin nan ina jiran a saki sabon fej.

Abinda ya tsorata ni shekaranjiya ne, ina daidai inda miskilin attajirin nan ya zauna bakin gado yana lallashinta yana share mata hawaye har da cewa gobe su wuce Dubai ta huce, sai ga maigida ya turo ƙofa da ledar kifi a hannu rigarsa duk warin attaruhu ya ce akwai ruwan wanka? Wlh wani abu naji ya tokare min ƙirji, sannu da zuwan ma a ciki na yi ta. Bawan Allahn nan bai min komai ba. In daina karatun ne ko ya zan yi?"

Maman Khalifa: Ki fita daga guruf ɗin duka yau ɗin nan ki goge Wattpad ɗin. Mutum ya wuni cikin caɓalin Mile 12 ya taho miki da kifi ke kina can Maitama da mijin takarda? Haba baiwar Allah.

Ummu Sultan: Maman Khalifa a hankali mana, ta ce kar a zage ta. Ni ma ina karantawa kuma ban ga abinda ya rage min ba. Ƙanwata ki gane sana'a ce, marubuciya tana sane take yanke fej a inda ya fi daɗi dan gobe ki dawo, in an gama na kyauta ki tura ɗari biyar ɗinki. Ki rage zuwa littafi ɗaya, ki daina bin wanda ake kan rubutawa, ki nemi kammalalle ki karanta bayan azahar in yaro ya yi barci. Masu batsar nan kuma ko kyauta ne ki tsallake, su ne masu ɓata zuciya.

Hajiya Yaya, Agege: 'Yata zo nan. Ni tun ana bada hayar littafi a shago a Kano nake karatun nan, mu cusa shi tsakiyar littafin makaranta malam yana gaban allo mu muna wata duniyar. Ina tuna 2007 zamanin Malam Shekarau da 'yan A Daidaita Sahu suka ƙona littattafan soyayya, aka yi ta cece-kuce, to gashi yau sun dawo cikin waya a ƙarƙashin filo. Shi yasa ban yarda gogewa kaɗai zata miki magani ba. Na karanta saƙonki sau biyu, kin fara ambatar lallashi da share hawaye kafin Dubai. Wuni kike yi bakinki har wari yake dan rashin abokin magana, shi kuma ya shigo a gajiye kalma uku ya yi barci. Da a Zariya ne da kin leƙa maƙota ko gidanku kin sha hira. Ki nemi islamiyyar matan aure kusa da ke, ko Lahadi ki hau bas ɗin BRT ki zo mana Zangon Agege. Shi kuma ranar da bai gaji sosai ba ki faɗa masa kina kewar hirarsa, ba da fushi ba, ba kuma yana shigowa ba, sai ya yi wanka ya ci ya natsu.

Maman Khalifa: Yaya na ji, amma guruf huɗu fa? Kuɗin datan ma aljihun wa?

Amaryar Idi-Araba: Hhh ni nawa na taɓa karanta masa wani waje da ƙarfi, ya saurara tsaf sannan ya ce wannan mutumin yaushe yake zuwa aiki ne? Tun ranar in ya dawo sai ya tambaye ni ya ake ciki da Alhajin naku, ya sake ta ko har yanzu.

Anti admin: Ta sake turowa: "Na gode duka har da Maman Khalifa. Na fita daga uku, ɗayan saura fej kaɗan a gama kuma na riga na biya gsky bazan iya bari ba. Hajiya Yaya in na sauka a Mile 12 wace motar zan shiga zuwa Agegen?"