Iska ta yaye kwanon aji biyu a firamaren unguwarmu, wa ya kamata mu bi?

Baban Ummi:
Salam jama'a. Tambaya gare ni kuma don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi nake so ya yi magana. Watan jiya aka saka ni cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na firamaren gwamnati ta unguwarmu nan gefen garin Kaduna, ni ban nema ba, mai unguwa ne ya ce tunda yarana uku suna ciki to dole in shiga. Ko sati biyu ban yi ba ruwan farko ya zo da iska ya yaye kwanon aji biyu, yanzu an haɗa ƴan aji uku da ƴan aji huɗu ɗaki ɗaya, na leƙa ran Talata wlh yaro kan cinyar yaro, malamar tana tsaye a bakin ƙofa don babu inda za ta sa ƙafa ta kai ga allo. Hedimasta ya ce ya rubuta takarda, inda ya kai takardar sun ce gyaran gini ba daga wajensu yake fitowa ba, kansila ya ce mu jira ciyaman ya dawo daga tafiya. To wai makarantar nan ta waye? Ƙaramar hukuma, ko jiha, ko tarayya? Ga damina ta kankama.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Malam ka kwantar da hankali, abin da kake gani na gan shi shekara 35 kafin na ajiye alli. Makarantar ta kowa ce a takarda, shi ya sa in kwano ya tashi kowa sai ya nuna maka na gaba. Bari in warware maka. Kowace ƙaramar hukuma a cikin 23 ɗin nan na Kaduna tana da hukumar ilimi, ita ce LGEA, mu tun da can LEA muke cewa, sakataren ilimi ke riƙe da ita, wanda malamai ke kira ES. Aikinsu tura malamai makarantu, sa ido, rajista, tattara lissafin yara. Ba su riƙe da kuɗin gini. A samansu akwai SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ita ke ba da kwangilar gini da gyara da benci. Ita kuma tana samun wani kaso daga UBEC, takwararta ta tarayya a Abuja, dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, amma sharaɗin shi ne sai jiha ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta kafin ta ɗauka. Sannan sai an sa makarantarka cikin tsarin ayyukan shekarar. In ba ka ciki to ba ka ciki, ko da kwanon gaba ɗaya ya tashi ya faɗa gonar maƙwabta.

Albashin malamai kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Ka ga hannu uku kenan a kan makaranta ɗaya. Shi kuwa hedimasta da kake gani da jan biro a aljihu, sau da yawa ko kuɗin kwalin alli ba ya riƙe da shi, ni da aljihuna na sha sayen alli da rajista, matata har tsiya take min wai na yi wa makaranta kishiya da albashi.

Maman Biyu:
Baba ai ni ba ma kwanon ne ya dame ni ba. Ɗana yana aji biyar, ran nan yayata ta turo saƙo da Hausa a waya, hannuna da kwaɓin fulawa na ce karanta min, wlh yaron nan ya tsaya yana ta kallon waya kamar an ba shi Sinanci, sunansa kawai ya iya ganewa. Amma ka ce ya rera maka jihohi da manyan biranensu, tun daga Abia har Zamfara ba zai yi tuntuɓe ba. Hadda ce kawai. Na cire shi na kai makarantar kuɗi ta bayan layinmu, zango biyu ina biya, can ma malamar yarinya ce da ta gama sakandare bara, sai yunifom mai kyau da taye a wuya. Na maido shi ta gwamnati na sa masa lesin da yamma wajen wani malami, yanzu dai ya fara haɗa baƙi.

Malamar Aji Uku:
Hajiya ba kare kanmu zan yi ba amma ki ji ta bakinmu. Ni ina cikin waɗanda aka ɗauka a 2018 bayan korar malaman nan da gwamnatin jiha ta yi, NCE gare ni daga Zariya. Ranar da na fara shiga aji na ƙirga yara 134 a rajista, waɗanda suka zo ran nan sun haura 100, benci bakwai. Ki gaya min ta yaya zan duba littafin kowane yaro, in na ce zan saurari kowa ya karanta min layi ɗaya tal an tashi ban kai rabi ba. Dole ka koma ku maimaita bayana, su maimaita, a tashi. Abin da ya ɗan taimake ni shi ne wani horo da aka yi mana na koyar da karatu da Hausa, a fara da sautin harafi maimakon sunansa, sai na raba su rukuni-rukuni waɗanda suka fara ganewa suna jan na baya. A zango ɗaya na ga bambanci gsky, wata yarinya da ko magana ba ta yi a aji ta ɗauko kwalin ashana ta karanta min abin da ke jiki, ranar har gida na yi ta ba da labari. Amma gajiyar ba a magana, ga kuɗin mota, Keke biyu nake shiga kafin in isa.

Wanda Aka Sallama:
Malama tunda kin taɓo korar bari in ce wani abu. Ina cikin 21,780 da gwamnatin El-Rufai ta ce sun faɗi jarrabawar ƴan aji huɗu a 2017, cikin malamai wajen 33,000 da suka zauna. Ba zan yi ƙarya ba akwai waɗanda ko sunan makarantarsu ba sa iya rubutawa daidai, ƴan siyasa ne suka cusa su, kowa ya san haka. Amma maki 75 aka sa a matsayin ci, kuma akwai waɗanda suka shekara ashirin suna fitar da yara masu karatu da abin ya rutsa da su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi yajin aiki a Janairun 2018 bai hana komai ba. A 2022 ma an sake sallamar 2,357. Ni yanzu shagon kayan masarufi nake, Allah Ya rufa asiri, amma har gobe iyaye na turo min yara lesin a bayan shagon, to ka ga.

Ɗan Tudun Wada:
Malam Allah Ya ba da haƙuri amma ni na goyi bayan jarrabawar nan kam. Ƙanina malaminsu na aji shida in ya shigo sai ya ba monita littafi ya kwafa a allo shi ya fita shan shayi. Inda aka yi kuskure a ganina an canza malamai amma ba a rage yawan yara a aji ba. Kuma ku tuna a 2019 gwamnan ya kai ɗansa Capital School ta Malali aka yi ta ɗaukar hoto, to ita wannan ai ba irin makarantar da Baban Ummi ke magana ba ce.

Inna Mai Abinci:
Ni na dafa abincin ƴan makaranta, tun na jiha da aka fara a 2016 har na tarayya da a lokacin ake lissafin naira 70 kan kowane yaro. Yara sun cika makaranta ba shakka, har da masu tallan gyaɗa da waɗanda ba su isa shiga ba, uwa ta ɗauro wa yaro kwano a jaka babu littafi ko ɗaya. Da an ci an sha sai ka ga layi ta katangar da ta rushe, kafin sha ɗaya aji ya koma rabi. Da abincin ya tsaya da yawa ba su dawo ba. Ranar ƙwai kuwa sai ka rantse Sallah ake.

Daga Chikun:
Ku da kuke maganar kwano ku gode wa Allah. Tun abin Kuriga na Maris 2024 da ƴan bindiga suka kwashe yara daga makaranta da safe, ƙauyukanmu iyaye da yawa sun janye ƴaƴansu, malami ma in aka turo shi sai ya yi ta neman tiransifa ya koma gari. Nawa biyu suna wajen ƙanwata a Sabon Tasha, sai hutu nake ganinsu.

Shugaban SBMC:
Baban Ummi dawo nan in gaya maka yadda muka yi namu, shekara uku kenan. Mu ma aji ɗaya ne ya tashi har da rabin ofis. Abu na farko kar ku yarda da maganar baki. Muka rubuta takarda da sunan kwamiti, hedimasta ya sa hannu, ni na sa, mai unguwa ya buga hatimi, muka liƙa hotuna huɗu har da na yaran a cunkushe. Muka kai ofishin ES muka ce a buga mana hatimin an karɓa a kan kofinmu, wannan kofin shi ne makaminka, duk ofishin da ka shiga ka fito da shi. Muka kai wani ga ciyaman, wani ga ɗan majalisarmu na jiha. Amma fa ba mu zauna jira ba don mun san ruwa ba ya jiran fayil. Cikin kwamiti akwai kafinta, dama tsarin SBMC ya tanadi masu sana'a da mata da malaman addini da tsofaffin ɗalibai, ba iyaye kaɗai ba kamar PTA. Shi ya hau ya auna ya ce katakon da yawa zai moru, kwano da ƙusa ne matsala. Liman ya yi sanarwa ran Juma'a, fasto ya yi ran Lahadi, muka buɗe guruf na tsofaffin ɗalibai a WhatsApp, wani direban tirela da ya gama makarantar tun zamanin Shagari ya aiko da bandir guda shi kaɗai. Kwana tara aka rufe.

Gargaɗi ɗaya, kar ku kuskura ku yanka wa yara kuɗi a ce kowa ya kawo ɗari biyu, gwamnati ta ce ilimi kyauta ne, hedimastanku za ku jefa cikin matsala a banza. Gudummawa ce wanda ya ga dama. Kuma duk sisin da ya shigo a rubuta a karanta a gaban mutane, mu a jikin ƙofar ofis muke mannawa, don da an fara cewa ƴan kwamiti sun ci to an gama. Takardar tamu kuwa bayan shekara ɗaya da wani abu sai ga ɗan kwangila da bencuna, ba abin da muka roƙa ba kenan amma mun karɓa hannu biyu.

Ɗan Tudun Wada:
To ai yanzu da kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ciyaman ba shi da uzuri kenan.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana ka bi a hankali da wannan murnar. Mun ga lokacin da aka bar albashinmu a hannun ƙananan hukumomi a farkon shekarun 1990, mai gidan haya in ya ji malamin firamare ne kai sai ya ce ɗakin an kama. Shi ya sa har yau NUT ke cewa a ba ƙananan hukumomi ƴancinsu amma a cire albashin malamai tun daga sama. In ciyaman na kirki ne za ka ji daɗi, in aka samu akasi fa?

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah Ya ƙara lafiya. Jiya bayan la'asar mun je da wani kafinta ya hau, ya ce bandir uku zai isa in aka miƙe tsofaffin da ba su yage ba, ashe ma wasu suna gidan wani maƙwabci ya tsince su ya jingine a bayan ɗakin awaki. Mun sa mitin ran Asabar bayan azahar. Shugaba don Allah ka turo min yadda kuka tsara takardar taku ta inbos, kuma asusun banki da kuka buɗe mutum nawa ke sa hannu, don ma'ajinmu ya ce shi ba zai ajiye kuɗin jama'a a ɗakinsa ba.