Yaren Koriya kafin neman tallafin karatu: in fara yanzu ko in jira?

Sadiya: Assalamu alaikum. Ina aji uku, injiniyan lantarki, burina in nemi tallafin GKS na gwamnatin Koriya ta Kudu don digiri na biyu. Hutunmu wata uku ne, kuɗin hannuna kaɗan, Abuja kuma ta yi mini nisa. In fara yaren yanzu, ko in jira tunda su ma suna koyarwa shekara guda?

Ɗan Dala: Wa alaikissalam. Ki je Cibiyar Al'adun Koriya ta Abuja, tun 2010 take nan.

Maman Hanif: Ƙanwata, fara yau. Harufansu 24 ne kacal, a kwana biyar na haddace su, na liƙa takarda a jikin firij ina maimaitawa ina girki. Wahalar tana wajen maganar girmamawa: yadda za ki ce wa babba ya ci abinci daban, na sa'arki daban. Kuma sai kin kai mataki na 3 a TOPIK, wato jarrabawar gwada iya yaren Koriya, kafin ki shiga digirin.

Yaya Bala: Ni Koriyar nan ta ƙona ni. Wani ejan ya ce in koyi yaren, zai samo mini aikin masana'anta. Na sayar da babur ɗina, wata bakwai ina bitar kalmomi bayan sallar asuba. Ashe Najeriya ba ta ma cikin ƙasashen da Koriya take ɗibar ma'aikata daga cikinsu ta EPS, tsarinta na ɗaukar ma'aikatan waje. Yau wayarsa a kashe, fasfona a hannunsa.

Maman Hanif: Innalillahi! Allah ya mayar maka da alheri, Yaya.

Ɗan Dala: Malamin intanet dubu 15 yake karɓa a wata.

Ummi: Dubu 15 a ina? Ni 40 na biya.

Auwal: Ku faɗi gaskiya dai, fina-finansu ne suka ja ku. Ranar da aka ajiye muku kimci a madadin tuwo za ku nemi hanyar gida.

Ummi: Fim ne ya ja ni, ban musa ba, yanzu ina mataki na 2. Wanda bai taɓa zama jarrabawar ba ya bar masu shawara su yi magana.

Yaya Bala: To wanda ya yi asara fa, ba a jin tasa?

Ummi: Yaya, ba da kai nake ba. Sadiya, ki fara bin takardar sakamakonki tun yanzu. Tawa wata biyar tana ofis, kullum "oga bai sa hannu ba", har aka rufe karɓar takardu.

Auwal: Wata biyar? Mu tamu fayil ɗin ma aka ce ya ɓata.