Wa ya taɓa samun diyya kan ciwon da ya ɗauko a aikin uraniyom?

Ɗan Akokan:
Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka yi aikin uraniyom a yankin Arlit ne ko iyalansu, don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Tsohona ya yi aikin cikin rami tun ba a haife ni ba, yanzu tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, daga ɗaki zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. An ɗauki hoton ƙirji a Yamai likita ya ce ƙurar dutse ce ta ci huhun. Wace hanya ake bi a yarda ciwon aiki ne har a biya shi?

Tsohon makanike:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗana maganar duk takarda ce. Shaidar aiki mai nuna shekarun da ya yi da wurin da aka sa shi, lambarsa ta CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na Nijar, sai takardar likita da ta rubuta sunan ciwon ƙarara, don akwai jerin cututtukan da doka ta amince na aiki ne, in ciwo bai cikin jerin to ka shirya doguwar tafiya. Sannan sakamakon dozimetir, ɗan abin nan da muke maƙalawa a jiki yana ƙirga radiyasiyon da ta shige mu, ana karɓa a kai awo, ya nemi kwafin nasa yanzu yana da bakin magana. Mu da muka shiga ƙasa iskar radon muka shaƙa, ba ta da wari ba ta da launi, kuma kansar huhun da take kawowa sai bayan shekara 10 ko 20 ko fiye take fitowa, lokacin mutum ya daɗe da komawa garinsu.

'Yar Tawa:
Ni mijina ƙarƙashin ɗan kwangila ya yi aiki. Da hannuna nake wanke kayan aikinsa, ruwan ya koma kamar kunu, yara na wasa a gefe, wallahi ba wanda ya taɓa ce mana akwai matsala. Kansar huhu ta ɗauke shi. Da na fara bin haƙƙin marayu wani ofishi suka ce in kawo shaidar wanda ya ɗauke shi aiki, shi kuma ɗan kwangilar ya nade tabarma tuntuni ba a san inda ya yi ba, wani ma ya tambaye ni ko marigayi na shan taba, mutumin da ko goro bai dame shi ba. Har yau ko dala ban gani ba.

Tsohon makanike:
Allah ya jiƙansa ƙanwata. Ma'aikatan 'yan kwangila su suka fi shan wuya, rami ɗaya ƙura ɗaya amma a takarda kamar ba su taɓa zuwa ba.

Ɗalibin shari'a:
Allah ya gafarta masa Inna. Wannan tambayar ta wa ya ɗauke shi aiki ita ta kayar da shari'ar wani Bafaranshe da ya yi aiki a Cominak, kamfanin haƙar uraniyom na Akokan kusa da Arlit, daga 1978 zuwa 1985, ya rasu da kansar huhu a 2009. A 2012 kotu a Faransa ta ɗora wa Areva, kamfanin Faransa mai hannun jari a Cominak, laifi ta ce a biya iyalinsa Yuro 200,000, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce ba Areva ce ta ɗauke shi ba, Cominak ce. A Amurka kuwa dokar da suka yi a 2000 ta ma'aikatan wuraren ƙera makaman nukiliya ta haɗa har da na 'yan kwangila, ana biyan dalar Amurka 150,000 da kuɗin magani, in lissafi ya nuna aƙalla kashi 50 cikin 100 radiyasiyon ce ta jawo kansar. Inda kuma bayanan awo suka ɓace, wanda ya yi kwana 250 a wasu wurare da aka ware kuma yana da ɗaya daga kansa iri 22 ana biyansa ba sai ya kawo hujjar awo ba. Irin wannan ya kamata mu nema, don bai dace a ce bazawara ce za ta nemo takardar da ba ita ta ajiye ba.

Direban Agadas:
Ni an taɓa kirana duba lafiya na OSRA, cibiyar da aka kafa a 2011 don tsofaffin ma'aikata, sun duba jini da ƙirji. Ɗan Akokan ka tambaya ko sunan Baba na cikin rajistarsu, ka kuma leƙa wajen 'yan ƙungiyar Aghir In'man a Arlit, sun daɗe a kan maganar nan.

Ɗan Akokan:
Na gode ƙwarai. Mun buɗe akwatin tsoho mun samu shaidar aiki da katin CNSS, na dozimetir ne babu. Baba makanike, tunda an rufe ramin Cominak da ya yi aiki a Maris 2021, wajen wa ake rubuta takardar neman kwafin, kuma dole sai shi da kansa ko ɗa zai iya zuwa a madadinsa?