Muhawara: gadon garin Shibenik na Kuroshiya ne ko na Venis?

Malam Sanusi: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana na kawo, kuma ina kanta. Abin da mutanen Kuroshiya ke tinƙaho da shi a garin Shibenik, wato babbar majami'ar Waliyyi Yakubu da rubuce-rubucen malaman garin na zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha a Turai, kayan Italiya ne aka ajiye a tsallaken tekun Adiriyatik. Daular Venis, wadda birninta ke Italiya ta yau, ta karɓi garin a 1412, ba ta sake shi ba sai da ita kanta ta faɗi a 1797. An sa harsashin majami'ar a 1431, aka gama a 1536, duk a ƙarƙashin tutar Venis. Wanda ya ɗora mata rufi da ƙubba, Niccolò, mutumin Fulorans ne. Malaman garin a Padua ta Italiya suka yi karatu, da Latin suka yi rubutu, a Venis aka buga musu. To ina rabon Kuroshiya a nan?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ta ɓangaren gini zan shigo, domin na tsaya a gindin ginin nan na ƙare masa kallo. Venis gari ne na jan bulo, a kan turakun itace da aka kafa cikin laka, sai a lulluɓe fuskar gini da farin dutse. Majami'ar Shibenik kuwa dutse ce zalla tun daga ƙasa har ƙololuwa, ba bulo, ba katako. Rufin shi ne abin kallo: manyan allunan dutse ne aka sassaƙa, aka yanka musu gurbi a jikin bakunan da ke ɗauke da su, aka zura kowanne cikin gurbinsa yadda kafinta ke haɗa ƙyaure. Allon da kake gani daga ciki shi ne wanda ruwan sama ke duka daga waje. Shi ya sa goshin ginin ya fito da baka uku, babba a tsakiya da rabi-rabi a gefe, domin siffar rufin ce ta bayyana a fuska. Wannan dabarar masu sassaƙar dutsen Dalmashiya ce, wato yankin gaɓar tekun da Shibenik yake ciki, kuma daga tsibiran yankin irin su Brač aka yi ta jigilar dutsen a jirgin ruwa.

Malam Sanusi: Injiniya, dutse na gida ne, na yarda. Amma wa ya tsara? Giorgio da Sebenico, wanda daga Venis aka kirawo shi a 1441, can ya koyi sana'a.

Hajiya Rabi: Malam, sunan da Italiyawa ke kiransa ka kawo. Kuroshiyawa kuma Juraj Dalmatinac suke cewa. Shi kansa ya bar rubutu a jikin bangon majami'ar a 1443, da Latin, ya kira kansa Georgius ɗan Matiyu, mutumin Dalmashiya. Haifaffen Zadar ne, nan arewa da Shibenik a gaɓa ɗaya. Zuwa Venis koyon sana'a bai sauya masa mahaifa ba.

Auwal: Anti Rabi, bari in ƙara wani abu tunda a Italiya nake zaune. A Ancona akwai wani tsohon zauren 'yan kasuwa kusa da tashar jiragen ruwa, Loggia dei Mercanti. Fuskarsa aikin wannan mutumin ce. Wato mutanen Ancona su ne suka ɗauko magini daga Shibenik ya zo ya yi musu. Ya kuma yi aiki a Split, ya yi a ganuwar Dubrovnik. Jirgin da ya kai salo gabas ya dawo da gwani yamma.

Nafisa: Malam Bashir, don Allah kawunan nan da ake ta nunawa a hoto fa? Su wane ne?

Injiniya Bashir: Kawuna 71 ne da aka sassaƙa da dutse, Nafisa, a jere a wajen bangon baya, ba su da nisa da kan mai wucewa. Wannan da gashin baki murɗaɗɗe, wancan tsoho ne kumatu sun zurma, ga mace da ɗaurin kai, ga yaro mai kumatu. Ba kambi, ba alamar waliyyi. Babu biyu da suka yi kama. Masu yawo da baƙi suna ba da labarin wai waɗanda suka ƙi ba da gudummawar gini ne aka muzanta fuskokinsu, amma wannan hirar gari ce. Abin da ido ke gani shi ne fuskokin mutane irin waɗanda ake haɗuwa da su a kasuwa da bakin tasha, an ɗora su a jikin ginin da ya fi kowanne daraja a garin. Duk lokacin da na tuna wannan sai ya taɓa ni.

Alhaji Garba: 'Ya'yana, ina biye da ku. Sai dai a riƙa tunawa maganar sana'a da tarihi muke yi, kowa da addininsa. Sanusi, kai da ka ɗauko zancen littattafai, ba ka ji amsa a kansu ba tukuna.

Malam Sanusi: Haka ne Baba. Juraj Šižgorić, babban mawaƙin garin, ya buga diwaninsa a Venis a 1477. Baiti ɗaya na harshen Kuroshiya babu a ciki. Ma'aunin waƙar na Rumawa ne, allolin da yake ambato na Rumawa ne.

Hajiya Rabi: A nan nake so mu daɗe, Malam. Latin a wancan zamani harshen kowane mai ilimi ne daga Poland har Fotugal, ba mallakin Italiya ba. Mu da muka gaji malaman Sakkwato mun san wannan: sun yi rubutu da Larabci bisa ma'aunin waƙar Larabawa, kuma ba wanda ya ce littattafansu gadon Masar ne. A duba abin da mutumin ya rubuta a kai. A cikin diwanin nan akwai marsiyya kan yadda mahayan Turkawa suka lalata gonakin da ke kewaye da Shibenik, suka kwashe mutane. Kukan ɗan gari ne da ya ga hayaƙi daga kan ganuwa. Sannan a 1487 ya rubuta ɗan littafi kan ƙasar da garin, inda ya yabi waƙoƙin talakawa, na biki da na makoki da na aiki, ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa da na manyan mawaƙan Rumawa. Ya kuma tattara karin maganar mutanensa ya mayar da su Latin. Mutumin da Padua ta ba digiri, ya dawo yana kasa kunne ga waƙar matan ƙauye yana rubuta darajarta. Wane baƙo ne zai yi haka?

Kuma garin kansa daban yake da maƙwabtansa. Split da Zadar da Trogir sun samo asali tun zamanin Girkawa da Rumawa. Shibenik kuwa sunansa ya fara bayyana ne a 1066, a takardar Sarkin Kuroshiya Petar Krešimir na Huɗu. Akwai kuma wata addu'a ta ƙarni na 14 da ake kira addu'ar Shibenik, tana cikin tsofaffin rubutun harshen Kuroshiya da haruffan Latin. Harshen yana nan a rubuce kafin Venis ta iso.

Nafisa: Anti, Faust Vrančić fa? Shi ne mai zanen mutum yana saukowa daga hasumiya da laima ko?

Hajiya Rabi: Shi ne, 'yata. An haife shi a Shibenik a 1551, zanen yana cikin littafinsa na sababbin na'urori. Amma aikinsa da ya shafi gardamarmu shi ne ƙamus na 1595: harsuna biyar da ya kira mafiya daraja a Turai, Latin, Italiyanci, Jamusanci, Hangariyanci, da harshen uwarsa. Ya ba harshen garinsu layi nasa a gefen Italiyanci.

Malam Sanusi: Hajiya, harshen Dalmashiya ya kira shi a bangon ƙamus ɗin, bai ce na Kuroshiya ba. Ya yi wa Sarki Rudolf na Biyu aiki a Prag, ya zama bishop a ƙasar Hangari, ya rasu a Venis a 1617. Baffansa Antun Vrančić shi ne babban bishop na Esztergom a Hangari, har jakadanci ya yi zuwa fadar Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya. Hangari ma tana da bakin cewa nata ne.

Injiniya Bashir: To Malam, ai ka bar Italiya ka koma Hangari. Ƙara da Andrija Aleši, wanda ya yi aiki da Juraj a majami'ar: daga Durrës yake, a Albaniya. Kuma Faust da ya rasu a Venis, gawarsa gida aka kawo, aka binne a tsibirin Prvić da ke gaban Shibenik, bisa wasiyyarsa.

Auwal: Akwai abin da ya sa maganar nan ke da zafi a can, kada mu ɗauke ta gardamar malamai kawai. Sojan Italiya sun riƙe Shibenik daga 1918 zuwa 1921, suka sake riƙe shi daga 1941 zuwa 1943, kuma da irin hujjar gine-ginen nan aka riƙa cewa gaɓar tasu ce. A ɗaya gefen kuma masu jin Italiyanci sun zauna a garin da gaske. Niccolò Tommaseo, mai babban ƙamus na Italiyanci, a Shibenik aka haife shi a 1802. Duk wanda ya goge su daga tarihin garin ya zalunce su.

Alhaji Garba: Ni tambayata ɗaya ce. Wa ya nemi a yi ginin, wa ya ɗauki nauyinsa shekara ɗari da biyar, wa ya tashi da aka taɓa shi?

Injiniya Bashir: Majalisar garin da bishop ɗinsu suka yanke shawara, Baba, tun kafin Venis ta karɓi mulki, kuma su suka ɗauki Juraj aiki. A watan Satumba na 1991, lokacin yaƙin rabuwa da Yugoslabiya, harsashi ya huda ƙubbar. Masu gyara na Kuroshiya suka sassauke allunan, suka sauya waɗanda suka fashe, suka mayar da kowanne gurbinsa. UNESCO ta sa ginin cikin kayan tarihin duniya a 2000.

Malam Sanusi: Kulawa da gini tasu ce, ban musa ba. Ƙubbar da suka gyara dai tunanin mutumin Fulorans ce, kuma ban ji wanda ya karya wannan ba.

Hajiya Rabi: Ba mai karyawa, Malam, Niccolò ɗan Tuskani ne, yankin da Fulorans take. Sai dai ya yi kusan shekara 30 a kan aikin nan, ya ɗora ƙubbarsa da dabarar zura dutse cikin dutse da ya tarar a hannun maginan Juraj, kuma a Shibenik ya rasu.