Tukunyar nukiliyar Zariya ta isa hujjar gina tashar lantarki?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Ga maganar da na yi jiya a majalisa bayan isha'i aka yi mini caa, na kawo ta zauren nan masu ilimin abin su ji. Na ce Najeriya ta isa ta gina tashar lantarki ta nukiliya, kuma hujjata tana nan Zariya. Tun 2004 tukunyar nukiliya, wato na'urar da ke fitar da zafi daga makamashin nukiliya, ke aiki a cibiyar binciken makamashi ta CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, 'ya'yanmu ke kula da ita, fiye da shekara 20 ba a taɓa tashin wata unguwa saboda ita ba. To me ya rage?

Auwalu mai walda: Wa alaikumus salam Baba. Wallahi ina bayanka. Yau kwana uku shagona a Sabon Gari ba wuta, abin da na samu duk ya tafi a man janareta. Ko da me za a kawo wutar, a kawo.

Injiniya Bashir: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibinka ne, amma a nan ban bi ka ba. Tukunyar da ke CERT ta bincike ce, Sin ta ƙera ta, ƙarfinta wajen kilowat 30, kuma zafi ne take bayarwa ba lantarki ba. Kwatankwacin dutsen guga 30 a kunne ke nan. Aikinta a saka mata samfurin ƙasa ko dutse ko abinci a gano sinadaran da ke ciki, da koyar da ɗalibai. Irin tukunyar da Rasha ke gina wa Masar a El Dabaa kuwa, guda ɗaya megawat 1,200 za ta bayar, kuma huɗu ake ginawa. Wanda ya iya kiwon ɗan akuya ba za a ce ya iya kiwon giwa ba.

Malam Nasiru: Bashir, ai da rarrafe yaro kan tashi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta da ko irin tamu ƙaramar lokacin da ta fara gina tashar nukiliya ta Barakah a 2012. Yau tukwane huɗu na aiki, megawat 5,600, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ƙasar. Mu da muka kafa hukumar makamashin nukiliya tun 1976 fa?

Injiniya Bashir: Gaskiya ne Malam, amma matsalar ba a tukunyar take ba, a babban layin wutarmu take. Shawarar da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ke bayarwa ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa. Dalili kuwa, tukunya kan kashe kanta nan take idan ta ji wata tangarɗa, kuma dole sauran tashoshi su cike giɓin cikin daƙiƙu. Abin da layinmu ke rabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Ka ɗora masa 1,200 daga wuri ɗaya, ranar da ta tsaya, ƙasar gaba ɗaya ta shiga duhu.

Ɗaya ɓangaren ya fi tayar mini da hankali. Ko an kashe tukunya, makamashin cikinta bai daina zafi ba, sai famfunan ruwa sun ci gaba da sanyaya shi kwana da kwanaki, su kuma da wutar waje suke aiki. Abin da ya faru a tashar Fukushima ta Japan a 2011 ke nan: tukwanen sun kashe kansu daidai lokacin girgizar ƙasa, amma layin waje ya yanke, ruwan teku ya cinye janaretocin dizal, makamashin ya narke. Ku tuna watan Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana fiye da mako a duhu.

Hajiya Rabi: Ni tambayata ɗaya ce, sharar nukiliyar fa? Na yi aikin jinya shekara da shekaru, ban manta gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba, yara ɗaruruwa suka rasu daga ƙurar haƙar zinare. Wannan abu ne da ake gani da ido. Wanda ba a gani, kuma ya yi shekaru dubbai yana da illa, wa zai tsare shi?

Dakta Maryam: Anti Rabi, tambayarki a kan hanya take. Sharar ba ta da yawa idan aka kwatanta da wutar da ake samu, ana fara ajiye ta cikin ruwa na wasu shekaru, sannan a rufe ta a manyan tukwanen ƙarfe da siminti. Wurin binne ta na dindindin ne ya gagari ƙasashe da yawa, Finland ce ta yi nisa da ramin Onkalo.

Sai dai Yaya Bashir, kada mu rage wa Baba gaskiyarsa. A 2018 an cire makamashin tukunyar Zariya mai yuraniyom da aka tace kashi 90, irin wanda ake tsoron ya faɗa hannun masu haɗa makami, aka mayar da shi Sin, aka sa mai kashi 13. Ma'aikatanmu na cikin aikin, tare da IAEA da Amurka da Sin, kuma an gama lafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutane muna da su. Abin da nake so in gani shi ne hukumarmu mai sa ido kan harkar nukiliya, NNRA, wadda aka yi dokarta a 1995 ta fara aiki a 2001, tana da kuɗinta da ma'aikatanta da ƙarfin da za ta ce wa gwamnati da ɗan kwangila a tsaya, kuma a tsaya ɗin. Larabawan da Baba ya ambata sun kafa tasu hukumar a 2009, kafin a zuba siminti.

Auwalu mai walda: Dakta, na ji ana maganar ƙananan tukwane da ake haɗawa a masana'anta a kawo. Su ma layin ba zai ɗauka ba?

Dakta Maryam: Zai fi ɗauka, Auwalu. Amma kaɗan ne ke aiki a duniya, kamar ta kan jirgin ruwa da Rasha ta girke a Pevek mai megawat 70. Ba na so ƙasarmu ta zama wurin gwaji.

Injiniya Bashir: Sannan kuɗi. Amurka da duk ƙwarewarta ta kashe fiye da dala biliyan 30 a tukwane biyu na tashar Vogtle, aikin ya yi jinkirin shekara bakwai. Mu ga Ajaokuta da Mambilla nan suna jiranmu. A Afirka kaf Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai tashar nukiliya da ke ba da wuta, tun 1984.

Malam Nasiru: Maganar layi ta shige ni, ban san da ƙa'idar kashi 10 ba, Allah ya ƙara ilimi. Amma ban janye ba. IAEA da kanta ta ce shiri kan ɗauki shekara 10 zuwa 15 kafin tasha ta fara aiki. An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom tuntuni a matsayin wuraren da za a gina tashar. Idan muka ce sai layi ya gyaru za mu fara, yaran da muke horarwa a Zariya za su tsufa ko su tafi waje. A yi su tare.

Injiniya Bashir: Horarwa da ƙarfafa hukuma, a fara gobe, na yarda Malam. Sa hannu a kwangilar gini da ciyo bashi ne ban yarda ba, sai na ga layin ya yi shekara biyu cur bai faɗi ba.

Hajiya Rabi: Kuma a je Geregu da Itu a tambayi masu garin tukuna, a faɗa musu maganar sharar da harshensu. Maryam, in akwai ranar da ake barin baƙi su ziyarci cibiyar, ki sanar da mu, ina so in gani da idona.